Yadda Ake Warware Tambayar Lissafi, Daga Teburin Karatu Zuwa Ɗakin Jarrabawa

"Malam, wallahi a aji na gane, amma da na ga tambayar a jarrabawa sai kaina ya ɗaure." Babu maganar da na fi ji daga bakin ɗaliban sakandare kamar wannan, kuma na yarda da su. Sun gane ɗin. Sai dai abin da suka gane shi ne aikin da malam ya yi a allo, layi bayan layi, yana riƙe da hannunsu. A ɗakin jarrabawa kuwa babu mai ce maka wannan tambayar daga babi kaza ta fito, ga fomular da za ka ɗauko. Kai kaɗai za ka gano, ga agogo yana ta tafiya. Wannan ganowar aba ce da ake koyo kamar yadda aka koyi jadawalin sau, kuma ita aka fi yi wa sakaci. A kanta wannan jagorar ta tsaya. Zan riƙa cewa "kai", amma ɗaliba, har da ke nake.

Mataki na farko: ka san abin da aka tambaye ka

George Pólya, masanin lissafi ɗan ƙasar Hungari da ya koyar a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya fitar da wani ƙaramin littafi a 1945 inda ya kasa warware matsala gida huɗu: ka fahimci tambaya, ka tsara hanya, ka bi hanyar, sannan ka waiwaya ka duba. Yawancin ɗalibai a gida na uku suke farawa, a nan kuma suke ƙarewa. Da sun ga lambobi sai hannu ya kai ga kalkuleta.

Ka karanta tambaya sau biyu kafin biro ya taɓa takarda. A karatun farko labarin kawai kake nema. A na biyu ka ja layi ƙarƙashin abubuwan da aka ba ka, ka kewaye abin da ake nema. Ga misali:

Tsawon wani fili mai kusurwa huɗu madaidaita ya fi faɗinsa da mita 7. Kewayen filin mita 34 ne. Nemo tsawon layin da ya ratsa filin daga wata kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta.

Kafin komai ka zana filin, ko da zanen bai yi kyau ba. Ka kira faɗin x, tsawon ya zama x + 7, ka rubuta su a jikin zanen. Kewaye shi ne gefuna huɗun a haɗe, saboda haka 2(x + x + 7) = 34. Daga nan 4x + 14 = 34, sai 4x = 20, x ya zama 5. To a daidai nan ake asarar maki. Ɗalibi ya ga x ta fito, ransa ya yi fari, ya ja layi biyu ƙarƙashin 5 ya wuce. Da sauran rina a kaba, domin ba faɗi aka tambaya ba. Faɗi 5, tsawo 12, layin da ya ratsa kuma shi ne gefe mafi tsawo na alwatika mai kusurwar digiri 90, don haka ƙa'idar Fitagoras ce za ta yi aiki: 25 + 144 = 169, lambar da in ta ninka kanta za ta ba da 169 kuma ita ce 13. Amsa mita 13. Wanda ya kewaye kalmar "layin da ya ratsa" tun farko ba zai tsaya a 5 ba, domin da ya ɗaga ido zai ga kewayen yana kallonsa.

Ƙananan kalmomi su ma suna da haƙori. "Aƙalla uku" ya haɗa da ukun, "fiye da uku" bai haɗa ba. "Bai wuce goma ba" ya haɗa da goman. In aka ce "daga nan ka nemo kaza", ana nuna maka cewa amsar sashen farko ce mabuɗin na biyu, kada ka je ka sake sabon gini. In aka ce "nuna cewa", amsar tana gabanka, makin duka yana cikin matakan da za ka bi ka isa gare ta. Idan kuma harshen da ake yin jarrabawar da shi ba shi ne harshen da ka tashi da shi ba, ka ware shafi guda a littafinka don irin waɗannan kalmomi na umarni, ka rubuta ma'anar kowacce da misali. Na sha ganin yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa ya faɗi tambayar da ya iya, don kawai kalma ɗaya ta shige masa duhu.

Mataki na biyu: in hanya ta ɓace maka

Nan ne zuciyar al'amarin, don haka zan ɗan daɗe a kai. Ka karanta, ka gane abin da ake so, amma ba ka san ta inda za ka kama ba. Zama kana kallon takarda ba ya kawo komai. Akwai tambayoyin da za ka yi wa kanka, kuma da yawan yi suke zama jiki.

Ka fara da ƙaramin misali. A ce ƙungiyoyin ƙwallo 10 ne, kowacce za ta kara da kowacce sau ɗaya, wasa nawa za a buga? Goma ta yi yawa a lissafa da ka, to ka rage. Ƙungiya 2, wasa 1. Ƙungiya 3, wasa 3. Ƙungiya 4, wasa 6. Ƙungiya 5, wasa 10. Dubi tazarar: 2, 3, 4. Duk sabuwar ƙungiyar da ta shigo sai ta kara da dukkan waɗanda ta tarar. Ke nan ta goma za ta ƙara wasa 9, jimla kuma 1 + 2 + 3 har zuwa 9, wato 45. Ba ka haddace wata fomula ba, da hannunka ka haƙo ta, kuma in ka ƙara dubawa za ka ga ita ce n(n − 1) a raba biyu, inda n ke nufin yawan ƙungiyoyin. Fomular da mutum ya haƙo da kansa ba ta saurin guduwa daga kai.

Irin wannan dabarar ce ta zaɓar lamba mai sauƙi idan tambaya ba ta ba da lamba ba. Mota ta tafi da gudun kilomita 60 a awa, ta dawo ta hanya ɗaya da gudun 40, mene ne matsakaicin gudunta? Kusan kowa 50 zai ce. Ka gwada da nisan kilomita 120, tunda 60 da 40 duk suna raba shi. Zuwa awa 2, dawowa awa 3. Kilomita 240 cikin awa 5, wato 48. Dalili kuwa motar ta fi daɗewa tana tafiya a hankali. Haka in an ƙara wa wani abu kashi 20 cikin ɗari sannan aka rage masa kashi 20, ka ɗauki 100: ya hau 120, ya sauko 96. Bai koma inda yake ba.

Wata hanyar ita ce ka faro daga ƙarshe. Ka tambayi kanka, me zan fara sani kafin in sami abin da ake nema? Ana neman girman filin da'ira, sai na san rabin tsakiyarta, wato nisan cibiyarta zuwa bakinta. Rabin tsakiyar fa, daga ina? An ba ni kewaye, daga shi zan fitar. Shi ke nan hanya ta fito, saura bi. Wannan ja da baya yana da amfani ƙwarai a tambayoyin "nuna cewa": ka duba inda za a sauka a takardar gwajinka, ka gano gadar, sannan ka rubuta amsar daga farko zuwa ƙarshe yadda ya kamata.

Sai ka tambaya kuma: akwai abin da aka ba ni da ban yi amfani da shi ba? Masu tsara tambayar jarrabawa ba kasafai suke zuba bayani a banza ba. In an ce layuka biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa haɗuwa, to akwai kusurwoyin da suke daidai da juna, su ake so ka gani. In an ce wani layi ya ratsa da'ira ta cibiyarta, ka nemi kusurwa mai digiri 90 a bakin da'irar. Bayanin da ya rage a ajiye, galibi shi ne ƙofar da ka kasa samu.

Zane kuwa ba na tambayoyin siffofi ba ne kaɗai. Ka san kalmar aljabara daga sunan littafin Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na 9. A cikinsa akwai tambayar da a rubutun yau za mu ce x² + 10x = 39. Bai da alamomin da muke da su, da kalmomi da zane ya yi aikin. Ka zana murabba'i mai gefe x. Ka raba 10 biyu, ka manna falle mai faɗin 5 da tsawon x a gefensa guda, wani fallen a gefen da ke maƙwabtaka. Abin da ka zana yanzu girman filinsa 39 ne, amma akwai gurbi a kusurwa, 5 sau 5, wato 25. Cike gurbin, sai ka sami cikakken murabba'i mai girman fili 64, gefensa 8. Cire 5, x ta zama 3. Abin da ake koya maka da sunan cike murabba'i ke nan, kuma ɗalibin da ya taɓa zana shi da hannunsa ba ya sake tambayar me ya sa ake raba lambar tsakiya biyu. Abu guda za ka ƙara a jarrabawar yau: (x + 5)² = 64 yana ba da 8 da kuma −8, don haka −13 ma amsa ce. Gwada ka gani, 169 − 130 = 39.

Mataki na uku: rubuta aikinka yadda wani zai iya bi

A jarrabawar rubutu, yawanci makin tambaya a rarrabe yake: wani na hanyar da aka bi, wani na daidaiton amsa. Wanda ya rubuta fomula daidai, ya saka lambobi daidai, sannan hannunsa ya zame a layin ƙarshe, zai tsira da kaso mai tsoka. Wanda ya yi komai a ka ko a bayan takarda ya kawo amsa tsurarta, in ta kuskure bai da komai, wani lokacin ko ta yi daidai ba zai sami cikakken maki ba. Mai duba takarda abin da ya gani yake yi wa maki, ba shi da hanyar leƙa abin da ke ranka.

Saboda haka mataki ɗaya, layi ɗaya. Alamar daidai ta zauna ƙarƙashin 'yar'uwarta. Ka faɗi abin da x take nufi kafin ka fara aiki da ita. A tambayar kusurwoyi ka rubuta dalili a gefen kowane mataki, ko da kalma uku ce. In ka yi kuskure ka ja layi ɗaya a kai ka ci gaba a ƙasa, kada ka dagargaza shi da biro, kuma kada ka soke aiki sai ka sami abin da ya fi shi. Kada kuma ka bar amsa biyu mabambanta kana fatan mai dubawa ya zaɓar maka.

Akwai ramukan da ɗalibai ke faɗawa shekara da shekaru, kuma ba su da yawa. Mafi girmansu alamar debewa a gaban baka. 5 − (2x − 3) daidai yake da 8 − 2x, amma da yawa sukan rubuta 2 − 2x, don sun manta debewar ta shafi duk abin da ke cikin bakan. Sai (a + b)² da ake mayarwa a² + b². Saka 3 da 4 ka ga 49 a gefe guda, 25 a ɗayan. Sai raba ɓangarori biyu da x: a x² = 5x, in ka raba da x ka sami 5, amma ka jefar da sifili wanda shi ma amsa ne. Ka kawo komai gefe ɗaya, x(x − 5) = 0, duka biyun su fito. Sai komawa baya a lissafin kaso: abu ya zama 150 bayan an ƙara masa kashi 25 cikin ɗari, asalinsa 150 a raba da 1.25 ne, wato 120. Wanda ya cire kashi 25 daga 150 zai sami 112.5, kuma ya kauce.

Yanke lamba tun a tsakiyar aiki shi ma yana cin maki a ɓoye. In ka mayar da ɗaya bisa uku 0.3 sannan ka ninka da 600, za ka sami 180 a maimakon 200. Ka bar lambobinka cikakku, ko ka riƙe su a kalkuleta, sai a layin ƙarshe ka yanke zuwa gurbin da aka ce. Ma'auni kuma ka daidaita su tun kafin ka fara: kada mita da santimita su haɗu a lissafi guda. Ka tuna mita ɗaya santimita 100 ce, amma murabba'in mita ɗaya murabba'in santimita 10,000 ne.

Kalkuleta bawa ne mai biyayya, abin da ka danna shi zai yi. Danna −3² zai ba ka −9. In (−3)² kake nufi, sai ka sa bakan. Kafin kowace jarrabawa ka danna sayin 30 (sin 30). In ya ba ka 0.5, yana kan digiri. In ka ga −0.988, ya koma radiyan, kuma duk tambayar kusurwa da za ka yi da shi ta lalace. Gwajin daƙiƙa biyar ne. Ka shiga jarrabawa da kalkuletan da hannunka ya saba da shi, bayan ka tabbatar irinsa aka yarda a shiga da shi.

Mataki na huɗu: waiwaye

Da amsa ta fito, tambayar farko ita ce, hankali zai ɗauka? Tsani mai tsawon mita 10 da aka jingina da bango ba zai kai tsayin mita 12 ba. Yiwuwar aukuwar abu ba ta wuce 1, ba ta gaza sifili. Shekarun uba ba za su gaza na ɗansa ba, mutane ba sa zuwa bakwai da rabi. Bayan haka ka mayar da amsar cikin tambayar asali, ba cikin layin da ka riga ka sarrafa ba, domin wataƙila kuskuren yana can sama. A misalin filin nan: 5 + 12 + 5 + 12 = 34, 12 kuma ta fi 5 da 7. Ya zauna. In sauƙaƙa jimlar aljabara aka ce ka yi, saka x = 1 ko 2 a farkonta da ƙarshenta. A 5 − (2x − 3), in x = 1 ana samun 6; 8 − 2x ma 6; 2 − 2x kuwa sifili, nan take asirin kuskuren ya tonu.

Sake karanta aikinka da ido kawai ba ya kama kuskure sosai, domin ƙwaƙwalwar da ta yi shi za ta sake bi ta kansa ta wuce. Ka bi ta wata hanyar dabam: ƙiyasi, maye gurbi, ko zane.

Yadda za ka yi atisaye a gida

Duk abin da na faɗa a sama ba ya shiga jiki da karatu. Lissafi da biro ake koyon sa. Ɗalibin da ya kwana yana karanta misalan da aka warware zai ji kamar ya iya, domin kowane layi in ya gani yana ganewa. Sai an gwada akan san na ƙwarai: karanta misalin, rufe littafin, ɗauko farar takarda ka yi shi daga farko. Inda ka tsaya cak, nan ne ainihin abin da ba ka sani ba, kuma gara ka gano shi yau da ka gano shi ranar jarrabawa.

In tambaya ta gagare ka, ka ba ta minti goma zuwa sha biyar na ƙoƙari na gaskiya, kana gwada dabarun mataki na biyu. Bayan haka ka leƙa layin farko kawai na warwarar, ka rufe, ka ci gaba da kanka. In ka kammala, kada ka ce an wuce wurin; ka sake yin ta bayan kwana biyu ba tare da leƙe ba.

Wannan sake dawowa yana da tushe. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka dunƙule a zama ɗaya. Minti arba'in kullum ya fi awa biyar ranar Lahadi. Abin da aka koya yau ka taɓa shi gobe, ka sake bayan kwana uku, bayan mako, bayan wata.

Akwai kuma abin da nake ganin ya fi komai muhimmanci ga mai cewa kansa yana ɗaurewa a jarrabawa, wato gauraya tambayoyi. Littafin aji yakan kawo tambaya ashirin iri ɗaya a ƙarshen babi. Kafin ka kai ta biyar ka daina tunani, hannu ne kawai ke maimaitawa, domin ka riga ka san fomular tun ba ka karanta tambayar ba. Zaɓen hanya, wanda shi ne abin da jarrabawa ke gwadawa, ba ka taɓa yin atisayensa ba. A 2007 Doug Rohrer da Kelli Taylor sun wallafa wani gwaji da suka yi da ɗaliban jami'a a Amurka kan lissafin girman cikin wasu siffofi huɗu. Waɗanda suka yi atisaye iri-iri a jere sun fi yin kyau a lokacin atisayen, amma da aka gwada su bayan mako guda, waɗanda aka gauraya wa tambayoyin ne suka yi musu fintinkau. Ka lura da wannan da kyau: gaurayen ya fi wuya, za ka fi yin kuskure, za ka ji kamar ba ka ci gaba, alhali a lokacin ne kake koyo. Don haka bayan ka kama sabon babi da tambayoyi kaɗan, ka haɗa wa kanka guda goma daga babi biyar dabam-dabam. Wani lokacin ma kada ka warware su, ka ɗauki takardar tambayoyin shekarun baya ka rubuta a gefen kowacce abin da za ka fara yi da dalili. Cikin minti ashirin ka yi atisayen zaɓen hanya sau talatin.

Sai littafin kurakurai. Ka sami ƙaramin littafi, duk tambayar da ka faɗi ka kwafe ta, ka rubuta inda ka kauce, da irin kuskuren: ban san abin ba ne, ban karanta da kyau ba ne, na zaɓi hanyar da ba ita ba, ko hannu ne ya zame? Kada ka rubuta "ganganci" ka tsaya, ka faɗi wane irin ganganci. Na taɓa zama da wata ɗaliba da ta yanke ƙauna, tana cewa ita kanta ba na lissafi ba ne. Muka baje takardun gwajinta uku a tebur muna bin jan biron ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawan makin da ta rasa a wuri biyu suka zube: debewa a gaban baka, da tsayawa kafin a kai ga abin da aka tambaya. Ta daɗe tana kallon takardun ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Malam, ashe abu biyu ne kawai?" Daga ranar duk inda ta ga debewa a gaban baka sai ta kewaye ta da fensir kafin ta buɗe. Ciwon da aka san sunansa ya fi sauƙin magani.

In ka sami aboki, ku riƙa koya wa juna. Wanda ya iya bayyana dalilin kowane mataki da bakinsa har wani ya gane, shi ya iya. Kwafar aikin gida kuwa, kanka kake cuta.

Saura wata guda ko biyu, ka fara yin cikakkiyar takarda a zama ɗaya: agogo a gaba, littafi a rufe, waya a wani ɗaki. Ka yi wa kanka maki ba sani ba sabo, ka kwashe kurakuran zuwa littafinsu. Ka samo manhajar jarrabawar da za ka zauna ka san takarda nawa ce, minti nawa, wane sashe ne dole, wane ne zaɓi, ko ana ba da takardar fomula, ko ana rage maki in an kuskure a tambayoyin zaɓi. Waɗannan sun bambanta daga hukuma zuwa hukuma, kuma bai kamata ka fara jin su a bakin mai sa ido ba.

Ranar jarrabawa

Daren jarrabawa ba na koyon sabon babi ba ne. Duba littafin kurakuranka, haɗa biro biyu, fensir, rula, kamfas, ma'aunin kusurwa da kalkuleta, ka kwanta da wuri. Kan da bai yi barci ba shi ne ke mayar da 7 × 8 ya zama 54.

Da an ba ka takarda ka karanta umarnin da ke sama, sannan ka zagaya tambayoyin duka da ido. Ka raba lokacinka bisa maki. In takardar minti 120 ce mai maki 100, ware minti 10 na karatun farko, 10 na dubawar ƙarshe, saura 100, kowane maki minti ɗaya ke nan. Tambaya mai maki 3 ba ta cancanci minti goma sha biyu ba, komai yadda ta tsokane ka. Inda aka ba da zaɓi, kada ruwan ido ya cinye maka lokaci, amma ka karanta tambaya har ƙarshenta kafin ka ɗauka, domin wata farkonta sauƙi, ƙarshenta dutse.

Fara da wadda ka fi iyawa. Makin tambaya mai sauƙi da na mai wuya duk maki ne, kuma amsa biyu-uku da suka zauna suna kwantar da bugun zuciya. In wata ta tsaya maka, rubuta abin da ka sani a kanta, zanen, fomular, abin da x ke nufi, ka bar fili, ka yi mata alama ka wuce. Sau da yawa kana cikin wata tambayar hanyar waccan za ta faɗo maka. In sashen farko na tambaya ya gagara, kada ka watsar da sauran. A "nuna cewa" an riga an ba ka sakamakon, yi amfani da shi a sashe na gaba. Idan kuma ƙwaƙwalwa ta ɗauke wuta gaba ɗaya, ajiye biron, ja numfashi a hankali sau uku ko huɗu, ka koma kan tambayar da ta fi kowacce sauƙi. Abin yakan wuce.

A tambayoyin zaɓi amsar tana cikin huɗu ko biyar ɗin da ke gabanka, don haka an halatta maka hanyoyin da ba na rubutu ba. Kana iya saka kowace amsa cikin tambayar ka ga wadda ta zauna. Kana iya ƙiyasi: 49.7 × 20.3 yana kusa da 50 × 20, duk zaɓin da ya yi nesa da 1000 ka soke shi. Kana iya duba lambar ƙarshe: 37 × 43 dole ya ƙare da 1, tunda 7 × 3 = 21. Amma ka yi hattara, amsoshin ƙaryar ba da ka aka zuba su ba, daga sanannun kurakurai ake gina su. A tambayar motar nan za ka tarar da 50 zaune a jerin tana jiran mai gaggawa, a ta filin kuma za ka tarar da 5. Ganin amsarka a cikin zaɓi bai tabbatar da ita ba. In ba a rage maki kan kuskure, kada ka bar gurbi ko ɗaya babu amsa. Kuma duk bayan tambaya goma ka duba lambar da kake cikewa a takardar amsa ta yi daidai da lambar tambayar, domin tsallake layi ɗaya yana iya gurɓata duk abin da ya biyo baya.

Minti goman ƙarshe ka fara da tambayoyin da ka yi wa alama. Bayan su ka bi amsoshinka kana tambaya uku: abin da aka kewaye na amsa? Na sa ma'auni, mita ko digiri ko awa? Na yanke lambar zuwa gurbin da aka ce? Sannan ka nemi kurakuran da littafinka ya nuna maka su ne naka, ka farauce su da gangan. Ka tabbatar sunanka da lambarka suna kan kowace takardar da za ka miƙa, har da ta giraf da duk ƙarin da ka karɓa, kuma ko ka ga wasu suna tashi, ka zauna har a ce a ajiye biro.